Kwamfutar da Gidaɗo Ya Sa a Kulle

Ni ne mutumin da ya ci mota a Jega a shekarar 2008, ya kuma bar wurin a ƙasa yana neman inuwa.

Ga yadda aka yi. Ina koyarwa a wata sakandare a Maiyama, jarrabawar ƙarshen zango ta matso, sai na shiga shagon intanet na wata mata mai suna Glory, nan cikin Jega, don a buga mini tambayoyin da na tara a filash. Layi ya yi tsawo, na ce bari in soka filashin a wata kwamfuta in ɗan leƙa duniya kafin a zo kaina. Ban yi minti biyar ba wani jan akwati ya faɗo tsakiyar allo yana walƙiya, da hoton mota a ciki, wai ni ne mutum na miliyan ɗaya da ya buɗe shafin. Na danna. Ya ce in ƙara dannawa, na ƙara. Na miƙe tsaye na ce, "Jama'a, ku taya ni murna." Sai da na yi musabaha da mutum uku. Wani ɗan jami'ar Aliero har ya fara roƙon in riƙa rage masa hanya.

Glory ta zo ta duba, ta dafe kai. "Malam Muntari, me ka taɓa?" Kafin in gama bayani, kwamfutocinta shida sun fara buɗe shafuka da kansu, wasu ma ba na faɗi a gaban ɗalibai ba ne. Ta kashe komai, ta miƙo mini filashina da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Ta ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, kuma filashin ya kamu, kada in sa shi ko'ina.

Ni kuwa ina fita na tuna ɗan gwaggona Gidaɗo yana da kwamfuta a gida, har da na'urar bugawa. Taubashina ne, tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini rediyo. Na same shi zaune shi kaɗai a zaure.

"Salamu alaikum, bawana."

"Wa alaikumus salamu. Mi ya kawo ka da rana tsaka?"

Na nuna masa filash. Bai karɓa ba, ido kawai ya zuba masa.

"Ina wanga abu ya kwana?"

"Aljihuna."

"Kahin aljihunka."

Na ce shagon Glory, na tsallake zancen mota. Ya ce in karanta masa tambayoyin da baki, ya buga mini su a tsohuwar tafiretarsa, amma abin nan ba ya shiga ɗakinsa. Na ce wasa yake. Ya ce ba wasa yake ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wajenmu ba a hana aro. Ana aron tsani, ana aron turmi, ana aron jaki, ana aron babbar riga a je ɗaurin aure a dawo da ita da ƙamshin wani. Wanda ya hana maƙwabci aro, an san sunan da ake ba shi, balle wanda ya hana ɗan kawunsa. Abin da ban sani ba a ranar, kuma ba wanda ya sani a Jega, shi ne cikin wannan kwamfuta akwai muryar matarsa Rakiya, wadda ta rasu shekarar da ta gabata. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu, kuma babu ita a ko'ina a duniya sai nan.

Bari in faɗi wane ne Gidaɗo, don ni kaina sai daga baya na san shi, duk da tare muka tashi.

A Andarai aka haife shi. Ubansa ya so ya bi shanu, sai aka gane yaron ba ya iya yi wa saniya tsawa, aka tura shi makaranta. Ya koyi bugun tafireta a Sakkwato, ya kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Jega tun muna cikin jihar Sakkwato. Da aka yanke Kebbi a 1991, takardun ofis masu sabon suna ba su iso da wuri ba, shi ne ya yi makonni yana bin tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya, yana shafe sunan tsohuwar jiha yana buga sabuwa a samansa. Nakan ce masa ai shi ya ƙirƙiro jihar nan da yatsunsa, a ba shi kwamishina. Ko murmushi ba ya yi. Yatsunsa sun fi na kowa sauri a ofishin, bakinsa kuma ya fi na kowa nauyi. Sai ka yini da shi ba ka ji kalma ashirin ba, rabinsu kuma amsa gaisuwa ce, don wannan kam ba ya wasa da ita. Ko yaro ɗan shekara uku ya gaishe shi, sai ya tsaya ya amsa har ya tambayi mutanen gida.

Allah ya haɗa shi da Rakiya, 'yar manoman albasa daga Jiga Makera, wadda ke magana da bakinta da nasa. In ka shiga gidan, tun daga zaure kake jiyo ta, tana yi wa kaji faɗa, tana ba maƙwabciya labari ta kan katanga, tana kiran Malam ya zo ya ci abinci. 'Ya ɗaya ta rayu musu, Bushira. Shekara talatin da wani abu ban taɓa jin Gidaɗo ya ambaci sunan ɗayansu ba. Bushira "yarinyar nan" ce, don 'yar fari ce, Rakiya kuma "uwar yarinya". In ka tsokane shi da zancen matarsa a gaban mutane, sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran hula.

Kwamfuta ta shigo ofis, aka ɗora tafireta a kan kabad, ba da jimawa ba shi ma aka sallame shi da fansho. Farkon 2007 mijin Bushira, Sadiƙ, ya sami ƙarin karatu a Khartum, zai tafi da iyalinsa. Ya bar wa surukinsa tsohuwar kwamfutarsa da modam na shiga intanet, ya buɗe masa akwatin imel don a riƙa aiko da wasiƙa da hotuna. Ya zuba masa hotunan biki da na suna a ciki. Ranar da yake haɗa wayoyin ya gwada makirfo ya ga ko yana aiki, ya bar shi a kunne, Rakiya tana tsakar gida tana harkarta ba ta san ana ɗauka ba. Da damina ta kwanta kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Ƙaramar Sallar da ta biyo baya ita ce ta farko da ya yi shi kaɗai. Da hantsi an zo an gaishe shi, ni ma na je, na yi barkwancina na wuce gaba. Kafin azahar gida ya koma shiru. Ya tayar da ɗan janaretansa ya buɗe imel ko yarinyar nan ta rubuto. Ba ta rubuto ba tukuna. Amma akwai wata wasiƙa da Turanci, wai wani ɗan uwansa ya aiko masa da katin gaisuwa, ya danna nan ya gani. Babu sunan mai aikowa. Daga baya, da nake ce masa ai ko ni ba zan faɗa wannan ramin ba, cewa ya yi, "Ranar Sallah ce, Muntari. Anka gaishe ni. In ƙi amsawa?"

Ya amsa. Babu kati, babu ɗan uwa. Cikin kwana biyu kwamfutar ta koma kamar tsohuwar jaka a cikin yashi, sai tallace-tallace ke ta faɗowa ko bai taɓa komai ba. Ya ɗora ta a baro ya tura har shagon Glory. Ta duba ta ce cutar ta yi nisa, sai an share komai an sake zubi, amma za ta iya tsame abin da ya fi muhimmanci tukuna. "Baba, me kake so in cire maka?" Shagon cike da samari, kowa ya kasa kunne. Dattijo mai furfura zai buɗe baki a nan ya ce hotunan matarsa da muryarta? Ya gyara hula ya ce, "Takardu."

Ta cire takardu. Hotunan duk suka tafi. Muryar ta tsira ne kawai don Sadiƙ, da gaggawarsa, a cikin jakar takardu ya ajiye ta. Gidaɗo ya koma gida ya bi jakar ɗaya bayan ɗaya, ya same ta a can ƙasa. Ya ce da ni wannan rana bai iya cin komai ba, kuma bai san ko murna ce ta hana shi ko ɗayan ba.

Glory ta sa masa riga-kafi, ta kuma yi masa gargaɗi. Shi kuwa mutumin ofis ne, ya zauna ya buga gargaɗin a tafireta ya manna a bango. Kada ya buɗe wasiƙar da bai san mai ita ba. Kada ya danna talla, ko da cewa ta yi gidansa na cin wuta. Duk Jumma'a bayan saukowa daga masallaci yakan zauna ya sabunta riga-kafin, intanet ɗin lokacin kuwa sai mutum ya yi awa guda yana kallon ɗan layi yana rarrafe. Filash kuma, Glory cewa ta yi a riƙa bincikawa kafin a buɗe. Shi ya ƙara nasa, ya ce ba za a sa ba sam. Ya ce dangin uwar yarinya ba su taɓa zuba baƙuwar albasa a rumfar ajiya don kunyar mai ita ba.

Duk bayan la'asar yakan rufe ƙofar ɗaki, ya cire modam, ya saurari minti huɗun nan sau ɗaya. Sau ɗaya tak, wai kada ya cinye.

Mutanen unguwa ba su san wannan ba. Abin da suka sani, mai neman buga katin biki ya zo an hana shi, ɗalibi mai aikin makaranta ya zo an hana shi, har limamin unguwa ya aiko da filash a buga masa jadawalin salla, aka mayar masa da shi tare da jadawalin da aka buga a tafireta. Sai ga ni, da haushina da bakina. Na je majalisarmu ta gindin darbejiya na ce, "Ba ku ji ba? Gidaɗo ya yi amarya, ya sa ta a kulle. Ko muharrami ba ya ganinta." Aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Kafin mako zancen ya kai Aliero. In ya zo wucewa sai a ce, "Ango, ya amarya? Ta iya tuwo?" Yakan tsaya ya amsa gaisuwar, ya bar sauran. Daga nan ya rage zuwa majalisa, sannan ya daina. Masu zama a zaurensa da yamma su ma suka janye, don ba a zama gidan marowaci. Na taɓa wucewa na leƙa, na ga tabarmar zauren a naɗe rabi, iya wurin zaman mutum ɗaya kawai aka shimfiɗa. Na ga abin, na kuma wuce. Ba zan yi wa kaina ƙarya a rubuce ba.

Da bazarar 2009, ana tsakar zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita, ina cikin aji a Maiyama aka ce ina da baƙo. Na fito na ga Gidaɗo tsaye a gindin bishiya, ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba.

"Ango da kansa! Amarya ta yi yaji ne?"

Muka zauna. Ya ce ranar Talatar waccan ya shiga duba wasiƙar yarinya, sai wani akwati ya faɗo, ja wur, da ƙara kamar ta motar asibiti. Wai an gano bairos arba'in da ɗaya a kwamfutarsa, suna cin kayansa yanzu haka, ya danna nan a wanke masa nan take.

"Na riƙe abin dannawa. In na danna, wataƙila shi ne cutar. In ban danna ba, wataƙila gaskiya ya faɗi, suna ci ina kallo."

"To me ka yi?"

"Na hizge waya daga bango."

Yau kwana tara ke nan, in ji shi, bai sake kunna ta ba. Yana tsoron in ya kunna su ci gaba daga inda suka tsaya.

Na ce ai wannan aikin Glory ne, me ya kawo shi wurina, ni da ta kusa kora da tsintsiya. Ya ce in ya je za ta sake tambayarsa abin da za a cire. Ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai ya fasa, ya ajiye hannun a gwiwa. Yana kallon ƙasa ya ce, "Akwai muryar uwar yarinya a ciki." A nan ya ba ni labarin makirfo, da katin Sallah, da hotunan da suka tafi. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Ni da ake cewa ko a maƙabarta sai na sami abin faɗa, kalma huɗu kacal na samu. Na ce, "Me ya sa ni?"

"Kai ba ka da kunya. Kai kana iya hwaɗa mata."

Na kuwa faɗa wa Glory, a wannan yammacin. Da ta hango ni ta ce in tsaya daga bakin ƙofa, hannuwana a bayana. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta zauna. Ta ce, "Wayyo Baba. Da ya raɗa mini a kunne ma ai ya isa." Ta ce ita ma tana da kaset ɗin mahaifiyarta tana waƙar coci, can garinsu, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Ranar Asabar da hantsi muka je. Ta zo da faifan sidi sababbi guda uku a cikin ledarsu. Gidaɗo ya karɓa ya jujjuya, ya duba ko an taɓa ɓare ledar, ya tambaye ta ina suka kwana. Ta ce daga kanti sai jakarta, kuma faifai irin wannan babu komai a cikinsa, ɗauka yake ba ya kawowa. Ashe kwamfutar tana iya zuba abu a faifai tun ranar da aka kawo ta, shi bai sani ba, ba kuwa wanda ya san yana bukata balle ya gaya masa. Ta zare modam, ta ce ya kunna da hannunsa. Ya yi bisimilla ya danna. Na ga yana motsa baki.

Ta ɗauki lokaci tana bincike, mu biyu muna tsaye a kanta kamar masu jiran unguwarzoma. Can ta juyo ta ce babu komai. Akwatin nan talla ce kawai ta 'yan damfara da aka liƙa a shafi, tsoratarwa suke yi don mutum ya buɗe musu ƙofa da kansa. Tunda bai danna ba, ba abin da ya shigo. "Baba, wayar nan da ka cire, ko ni abin da zan yi ke nan." Gidaɗo ya nemi bakin gado ya zauna.

Ta zuba muryar a faifai uku. Ɗaya na akwatinsa, ɗaya za a aika Khartum, ɗaya kuma ya ce a kai wa Luba, ƙanwar marigayiyar, a Jiga Makera. Na ce ni fa? Ya ce ni ko buta ba a ba ni ajiya. Glory ta ce dole a kunna ɗaya a tabbatar ya ɗauka, ta sa faifan, ta ce za ta je ta duba babur ɗinta a waje. Na miƙe zan bi ta. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zauna."

Da farko sai ƙugin iska da kukan kaji. Sannan ga ta, kamar tana bayan labule. "Ke, kori akuyar can, ta shiga albasa! Ke da ita wa ya hi wani nawa?" Ƙarar kwano ya faɗi. "Wai abin nan da anka kawo shina jin magana? To a ce mishi ya kira Malam ya ci abinci, ni na kira har na gaji." Dariyarta, da ta Bushira. Can nesa muryar Gidaɗo, "Ina zuwa." Ita kuma ta ce, "Kullum ina zuwa." Sauran duk shara ce da kiran kaji, da wata 'yar waƙa da ta fara ba ta ƙarasa ba.

Ya ƙare. Janareta na ta ƙara a waje. Gidaɗo yana zaune, tafukansa a kan gwiwa, yana kallon bango.

Har yau bai fara ba da aron kwamfutar ba, ya ce faifai uku ba su sa a buɗe ƙofa. Na je majalisa na ce a bar zancen amarya, suka ce ai ni na kawo shi, kuma ya fi ƙarfina yanzu. Dalilin kuwa ban faɗa musu ba, don ba nawa ba ne. Sai yanzu da ya ce in rubuta in na ga dama, tunda a cewarsa ba mai karanta abin da na rubuta.

Amma a waccan Asabar ɗin, shirun ɗakin ya yi mini nauyi, ni kuma ban iya ɗaukar shiru ba. Na share ido da hannun riga kamar gumi nake sharewa, na jawo makirfon na hura shi.

"To bawana, tunda abin yana aiki, ɗauki tawa ni ma. Wata rana in na riga ka tafiya, ka riƙa kunnawa kana jin daɗi."

Ya zare makirfon daga hannuna, ya naɗe wayarsa a hankali.

"Shekara hamsin kana magana a garin nan, ba wanda ya taɓa cewa maimaita. Ranar da ka yi shiru minti huɗu, aiko a kira ni. Wannan zan ɗauka."